Tsatsa ta fara kama bindigogin farautata a cikin sef: me ya kamata in yi?

Bakatsine a Houston ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙarfe, ko waɗanda suka daɗe suna riƙe da bindiga. Ina zaune a birnin Houston na jihar Texas a Amurka, kuma ina da bindigogin farauta guda biyu waɗanda na mallaka bisa ƙa'ida. Ɗaya mai baki biyu ce, da ita nake harbin agwagwar ruwa, ɗayar kuma doguwa ce mai madubin hange, ta farautar barewa. Dukansu ƙotarsu ta katako ce. Da yake akwai yara a gidan, kuma dokar Texas ta ɗora laifi a kan duk wanda ya yi sakaci har yaron da bai kai shekara 17 ba ya sa hannu a kan bindiga mai harsashi a ciki, sai na sayi sef na ƙarfe, irin wanda masu sayarwa ke cewa yana jure gobara, na sa aka kafa shi a gareji a kan daɓen siminti, domin nan ne kaɗai ke da filin da zai ɗauke shi.

Da lokacin farauta ya wuce na goge su, na shafa musu mai, na mayar da mai baki biyun cikin jakarta mai soso, na jingine su a ciki na kulle. Da na buɗe a ƙarshen bazara domin shirin sabuwar kaka, sai na tarar da ɗige-ɗigen tsatsa ja a jikin bututun mai baki biyun, daidai wurin da ake riƙewa, ga kuma fumfuna fara ta lulluɓe maratayin fata na ɗaya bindigar. Cikin sef ɗin yana wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Babu alamar ruwa ya shiga, ƙofar kuma tana rufuwa ruf.

Tambayoyina su ne: ta ina danshin ya shiga, alhali akwatin a kulle yake? Na ga ana sayar da wata sanda ta lantarki da ake kwantarwa a ƙasan sef, ana kuma sayar da gwangwanin ƙwayoyin silika masu shan danshi, to wanne ya fi a cikinsu? Wani maƙwabcina ya ce in zuba shinkafa a safa in jefa ciki, wani kuma ya ce in sayi robar nan mai fararen ƙwayoyi da ake ajiyewa a ɗakin tufafi, wadda ruwa ke taruwa a gindinta. Sannan tsatsar da ta riga ta fito, ana iya cire ta a gida ba tare da an ɓata baƙin launin ƙarfen ba? Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Injiniyan Fatakwal ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ba ni da bindiga, amma aikina shi ne kare bututun ƙarfe daga tsatsa a yankin Neja Dalta, inda iska ke ɗauke da danshi irin na garinku, saboda haka zan yi magana a kan ɓangaren da na sani, in bar maganar gyaran bindigar ga masu ita.

Danshin bai buƙaci ƙofa ba, domin tun ranar da ka kulle sef ɗin ka kulle shi tare da iskar garejin, kuma yana ci gaba da shiga ta ramukan kusoshin da aka kafe shi da su, da hudar wayar lantarki, da gefen ƙofa. Robar da ke kewaye da ƙofar irin wannan sef ba ta hana iska ba ce, aikinta shi ne ta kumbura ta toshe kafa idan wuta ta taɓa ta. Sannan abin da ke sa shi jure gobara, a mafi yawan waɗanda ake sayarwa domin gidaje, allunan jibsam ne da aka jera a cikin bangonsa, irin waɗanda ake silin da su. Kusan kashi 21 cikin ɗari na nauyin jibsam ruwa ne da ke ɗaure a cikin sinadarinsa, wanda ke fita a matsayin tururi lokacin gobara ya rage zafin da ke isa ciki. Wannan ɗaurarren ruwan ba ya fita a zafin yau da kullum, amma allon kansa, da takardar da ke jikinsa, da kafet ɗin da aka shimfiɗa a ciki, duk suna shan danshin iska su riƙe, su kuma sake shi idan yanayi ya sauya.

Sai dai babban abin da nake zargi a wurinka shi ne hawa da saukar zafi a garejin. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa: iskar da ta cika akwati mai tsawo, faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa a digiri 30 na ma'aunin Salshiyas, amma a digiri 20 abin da take iya riƙewa bai wuce giram 17 ba. Idan iskar garejinka tana digiri 30 kuma danshinta ya kai kashi 80 cikin ɗari, to duk wani abu da sanyinsa ya sauka zuwa digiri 26 ko ƙasa da haka zai fara tara raɓa a jikinsa, kamar yadda kwalbar lemo ke yin zufa idan an fito da ita daga firji. Sef mai nauyi, da ƙarfen bindigar da ke cikinsa, suna yin sanyi da dare kuma ba sa saurin ɗumama da safe, ga daɓen siminti yana janye musu zafi ta ƙasa. Da zarar an ɗaga ƙofar gareji iska mai ɗumi da laima ta shigo, ƙarfen ne zai zama wuri mafi sanyi, nan raɓar za ta sauka. Ba lallai ne ka gan ta da ido ba, ɗan siririn laushi ya isa. Ko ba a kai ga raɓa ba, ƙarfe yana fara tsatsa da sauri idan danshin iska ya haura kashi 60 cikin ɗari, idan kuma akwai gishiri a jikinsa, kamar na zufar hannu, to yana farawa tun kafin nan. Wannan ne dalilin da ya sa tsatsarka ta fito daidai wurin riƙewa.

Saboda haka kafin ka sayi sanda ko silika, ka fara sayen ma'aunin danshi na batir, wanda ke nuna mafi yawa da mafi ƙarancin abin da ya auna, ka sa shi a ciki na mako ɗaya ko biyu. Masu arha daga cikinsu sukan yi kuskure, amma gwada su ba wuya. Ka cika murfin kwalba da gishirin girki, ka ɗiga masa ruwa kaɗan har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka sa shi tare da ma'aunin a cikin leda mai zik ko mazubi mai rufuwa, ka bar su su kwana. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da danshin iskar da ke kewaye da shi a kashi 75 cikin ɗari, don haka idan ma'aunin ya nuna 70, ka san dole ka riƙa ƙara 5 a kan duk abin da ya gaya maka. Abin da kake nema a cikin sef shi ne tsakanin kashi 40 zuwa 50. Adadin da aka fi ambatawa daga gidan tarihin bindigogi na NRA, ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, da ke Fairfax a jihar Virginia shi ne kashi 50, a zafin digiri 21. Ba a so a busar da wurin fiye da kima, domin katakon ƙota yana tsukewa har ya tsage idan iska ta bushe ƙayau.

Game da sandar lantarki, mutane da yawa suna zaton tana cire ruwa daga iska, alhali ko ɗigo ɗaya ba ta cirewa. Ɗan ɗumi take bayarwa, mai tsawon inci 12 tana cin wat 12 ne kacal, wato ba ta kai yunit 9 na wuta a wata ba, kuma aikinta shi ne ta sa cikin sef ya ɗara waje zafi da digiri biyu ko uku. Wannan ɗan bambancin yana da tasiri sosai: iskar da danshinta yake kashi 70 a digiri 25, idan aka ɗumama ta zuwa digiri 28 danshin zai sauka zuwa wajen kashi 59, kuma tunda ƙarfen ya fi iskar waje ɗumi, raɓa ba za ta sauka a kansa ba. Silika kuwa da gaske take shanye ruwan, tana iya ɗaukar abin da ya kai kashi 40 cikin ɗari na nauyinta a iska mai laima sosai, amma idan ta ƙoshi ta daina aiki ke nan, kuma ba ta sanar da kowa. A ganina sanda ce ta fi dacewa da sef mai kafofi irin naka, silika kuma ta zama mataimakiya. Amma da ni ne, da abin da zan fara yi shi ne in ɗauke sef ɗin daga gareji in shigar da shi cikin gida, inda na'urar sanyaya ɗaki ke aiki, in kafa shi a jikin bangon da ba ya kallon waje. Na'urar sanyaya ɗaki da kanta tana tace ruwa daga iska, kuma zafin cikin gida ba ya hawa da sauka kamar na gareji. Wannan kaɗai yana iya magance rabin matsalar.

Tsohon Soja ya amsa:

Malam Bakatsine, Injiniya ya yi bayanin iska yadda ya kamata, ni kuwa zan tsaya a kan ita bindigar, domin na yi shekaru ina kula da ma'ajiyar makamai kafin in yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne, bindigar da aka ajiye da datti tana tsatsa ko a busasshen ɗaki, wadda aka tsabtace aka rufe jikinta da mai kuwa takan jure damina guda ba abin da ya same ta.

Abu na farko, ka fitar da mai baki biyun daga jakar sosonta, kada ka sake ajiye ta a ciki. An yi wannan jaka domin tafiya ne, ba domin ajiya ba. Soso yana shan laima ya manna ta a jikin ƙarfe, kai kuwa da kake farautar agwagwa a fadama da bakin ruwa, babu shakka jakar ta sha raɓa da feshin ruwa, wataƙila ma ruwan gishiri ne idan a gaɓar tekun Meziko kake zuwa. Haka maratayin fata, a cire shi a rataye a waje. Fata tana riƙe danshi, kuma sinadaran da ake jima da su suna iya cin ƙarfe idan sun daɗe manne da shi. Idan kana son abin da zai hana bindigogin gogar juna, akwai doguwar safa da ake saƙawa domin bindiga wadda aka jiƙa zarenta da silikon, iska tana ratsa ta, ba ta kuma riƙe ruwa.

Game da tsatsar da ta fito, idan ta sama-sama ce tana cirewa. Ka fara tabbatar da cewa babu harsashi a ciki, ka duba da ido ka kuma taɓa da yatsa, ko da kai ne ka cire shi da hannunka. Sai ka jiƙa wurin da man bindiga ka bar shi ya kwana, washegari ka goge a hankali da soson ƙarfe mafi laushi, wanda aka rubuta 0000 a jikin fakitinsa, ko soson tagulla idan ka samu, kana ƙara mai kana share jan da ke fita da tsumma mai tsabta, domin garin tsatsar da kansa yana karce ƙarfe idan aka ci gaba da murza shi. Kada ka kusanci wurin da samfefa, kuma kada ka zuba ruwan cire tsatsa da ake sayarwa domin kayan mota ko ruwan tsami na girki, saboda baƙin launin da ke jikin bututun shi ma wani nau'in tsatsa ne da maƙera suka yi da gangan, duk abin da ke narkar da ja zai narkar da baƙin tare. Wannan baƙin siriri ne ƙwarai, ba ya kare ƙarfe shi kaɗai sai da taimakon mai. Kuma masu cewa bindigar da aka yi da farin ƙarfen nan da ake kira stainless ba ta tsatsa, su sani jinkiri kawai take yi.

Bayan an tsabtace, a shafa mai siriri a ko'ina, ciki da waje, har ƙarƙashin katakon gaba inda ido ba ya gani, wanda nan ne ruwa ke maƙalewa a mai baki biyu. Siriri na ce, ba a yi mata wanka da mai ba. Mai idan ya yi yawa yana gangarowa ya shiga katakon ƙota ta inda ya haɗu da ƙarfe, a hankali ya baƙanta shi ya sa ya yi laushi har ya tsage, shi ya sa masu bindigogin katako da yawa ke jingine su baki a ƙasa. WD-40, man feshin nan na gwangwani, yana da amfani wajen korar ruwa idan an dawo daga ruwan sama, amma ni ba na dogara da shi a ajiyar watanni, na fi son man da aka yi domin bindiga. Idan an gama shafawa, a ɗauke ta da tsumma ko safar hannu a mayar, kada hannu ya sake taɓa ƙarfen.

Sannan akwai inda na ɗan saɓa da Injiniya. Sandar lantarki tana da kyau muddin akwai wuta, amma a Houston ɗin nan guguwar Beryl ta bar mutane sama da miliyan biyu babu lantarki a watan Yulin 2024, wasu har fiye da mako guda, a tsakiyar zafi da laima. A irin wannan lokaci sandar da na'urar sanyaya ɗakin tare suke tsayawa, man da ke jikin ƙarfe da silikar da ke ciki su ne za su rage. Don haka ni ba zan kira silika mataimakiya ba, kafaɗa da kafaɗa suke.

Bakatsine a Houston ya sake rubutawa:

Injiniya da Baba Soja, na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Na sa ma'auni a ciki kamar yadda aka ce, bayan na gwada shi da gishiri, kuma da sassafe yana haura kashi 70 cikin ɗari, da rana ya ɗan sauka. Na yi magana da masu ɗaukar kaya masu nauyi, sun ce za a iya shigar da sef ɗin wani ƙaramin ɗakin tufafi da ke tsakiyar gidan. Abin da ya rage mini shi ne maganar shinkafa da robar nan mai fararen ƙwayoyi, domin ba a taɓo su ba. Sannan silikar, yaya ake gane ta ƙoshi, kuma ana zubar da ita ne ko ana iya sake amfani da ita? Harsasai kuma, a bar su tare da bindigogin ko a raba?

Jikan Sarkin Baka ya amsa:

Malam, kafin Injiniya ya dawo, bari in sa baki daga ɓangaren maharba, ko da yake bindigar toka muka tashi muka gani a gidanmu, ba irin taku ba. Iyayenmu ba su san sef ba, a bango ake rataye bindiga, nesa da ƙasa, inda iska ke wucewa, kuma a ƙasar Hausa rani da hunturu suna yi mana aikin da kuke sayen na'ura ta yi, domin akwai watannin da iska ke bushewa har leɓe ya tsage. Damina ce lokacin hatsari, musamman watan Agusta, kuma abin da ke cinye bindigar toka a lokacin ba ruwan sama ba ne, ragowar albarushin da ya ƙone ne a cikin bututu. Wannan toka tana jawo laima daga iska da kanta, ta zama baƙar laka mai cin ƙarfe, kuma mai ba ya narkar da ita. Ruwan zafi ake ɗurawa a wanke har ya fito fari, zafin ruwan ya taimaka ƙarfen ya bushe, sannan a bi da mai.

Na kawo wannan ne domin ya shafi masu bindigogin zamani ta wata hanya. Tsofaffin harsasan soja da ake sayarwa da arha a Amurka, waɗanda aka ƙera a ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat da maƙwabtanta, da yawansu abin tayar da wutarsu yana barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi, kuma shi ma ruwa ne ke wanke shi, ba mai ba. Wanda ya harba irinsu ya shafa mai a kai ya kulle, to ya rufe gishirin ne da mai, tsatsa za ta ci gaba a ƙarƙashi. Idan harsasan farauta na kanti kake amfani da su, wannan bai shafe ka ba.

Abu biyu daga al'adarmu da ba zan ba ka shawarar ɗauka ba. Na ɗaya shi ne toshe bakin bindiga da tsumma. Mu muna yi ne domin zanzaro, wanda ke shiga ya gina ɗakinsa na laka a cikin bututu, amma tsumman yana riƙe laima daidai bakin, kuma wanda ya manta da shi ya yi harbi yana iya fasa bututun. A cikin sef zanzaro ba ya shiga, sai a bar bakin a buɗe. Na biyu shi ne man girki. Wasu suna shafa man gyaɗa ko man ja saboda shi ne a kusa, amma bayan watanni yana yin tsami ya daskare ya zama danƙo a cikin kunama da sauran ƙananan sassa. Baƙin mai da aka juye daga inji shi ma ba abin yarda ba ne, domin yana ɗauke da dattin ƙuna. Abin da na ga yana aiki a jikin katako da ƙarfen waje shi ne kaki, a shafa siriri a goge.

Injiniyan Fatakwal ya sake amsawa:

Baba Soja, na karɓi gyaranka a kan maganar ɗaukewar wuta, ranka ya daɗe. Kakin da Jikan Sarkin Baka ya ambata kuwa, gidajen tarihi ma da shi suke kare tsofaffin makamai. Akwai wanda ake kira Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya da ke Landan a farkon shekarun 1950, an yi shi daga man fetur ne, don haka ba ya tsami, kuma ba ya gangarowa kamar mai.

Malam Bakatsine, shinkafa ba za ta yi maka komai ba. Wadda ke cikin buhu ta riga ta daidaita da danshin iskar kicin ɗinka, abin da za ta ƙara sha kaɗan ne, kuma idan ta yi laushi ita ma fumfuna da ƙwari za ta jawo. Robar mai fararen ƙwayoyi kuwa tana aiki sosai, amma ba zan yarda a sa ta kusa da bindiga ba. Abin da ke cikinta gishirin kalsiyam kulorayid ne, wanda ke shan ruwa har ya narke ya zama ruwan gishiri mai kauri a gindin robar, kuma idan ƙotar bindiga ta ture shi ya zube a kan kafet, ka samu abin da ya fi ruwan teku cin ƙarfe, ga shi ba ya bushewa domin kullum yana ƙara jawo laima. Idan kana so, ka ajiye ta a ɗakin tufafin da sef ɗin zai koma, a wajensa.

Silika ba a zubar da ita. Ka sayi mai nuna alama, wadda ƙwayoyinta ruwan lemo ne idan ta bushe, su koma kore idan ta ƙoshi. Akwai tsohuwar irin mai shuɗi da ke komawa ruwan hoda, amma sinadarin kobalt da ke ba ta launi yana cikin waɗanda Tarayyar Turai ta lissafa a matsayin masu iya haddasa ciwon daji, don haka gara mai ruwan lemon, balle a gidan da ke da yara. Idan launi ya sauya, a baza ta a faranti a sa a oban mai zafin digiri 120, wato wajen 250 a ma'aunin Farenhait da murhunku ke amfani da shi, na awa biyu ko uku har launin ya dawo, a bar ta ta huce a cikin gwangwani mai murfi kafin a mayar. Zafin da ya wuce haka yana lalata launin alamar. Ƙananan ƙunshin da ake samu a kwalin takalmi ba za su yi wa sef komai ba, ka nemi rabin kilo zuwa kilo ɗaya. A makonnin farko za ka ga tana ƙoshi da wuri, kada ka ɗauka ta lalace, ruwan da kafet da allunan jibsam suka sha a gareji ne take janyewa. Zai yi kyau ma ka bar ƙofar sef ɗin a buɗe na wasu kwanaki a cikin gida da fanka tana hura shi, bindigogin suna kulle a wani wuri da yara ba za su kai ba, ka kuma goge fumfunar da ke ciki da barasar goge rauni kafin ka mayar da komai.

Wajen kafawa, kada gindinsa ya zauna kai tsaye a kan siminti, a sa tabarmar roba mai kauri ko katako a tsakani, a kuma toshe gefen kusoshin da silikon. Idan unguwarku tana cikin waɗanda ruwa ya shiga lokacin guguwar Harvey a watan Agustan 2017, ka ɗaga shi sama da haka, domin jure gobara daban, hana ruwa shiga daban, kuma jibsam ɗin da ya sha ambaliya da wuya ya sake bushewa a cikin bangon ƙarfe. Harsasai kuwa a raba su, a zuba su a akwatin ƙarfe irin na soja mai roba a murfinsa, a jefa ƙunshin silika ɗaya a ciki, a kulle shi da kwaɗonsa daban. Kwalayen takarda da suke zuwa a ciki suna shan laima, ba ka buƙatar su a kusa da bindigogin.

Tsohon Soja ya ƙara da cewa:

Malam, abu ɗaya ya rage. Bayan ka cire tsatsar waje, ka buɗe mai baki biyun ta inda ake sa harsashi ka leƙa cikin bututun biyu ta fuskar haske. Idan cikin yana sheƙi, shi ke nan. Idan ka ga ƙananan ramuka baƙaƙe waɗanda burushi bai fitar ba, kada ka harba ta sai mai gyaran bindiga ya auna kaurin ƙarfen, domin bututun irin wannan bindiga ba shi da kauri, musamman daga tsakiya zuwa baki, kuma kusa da nan ne hannunka na hagu yake lokacin harbi. Ranar da za ka fita farauta kuma, ka zura busasshen ƙyalle ka share man da ka shafa a ciki kafin ka sa harsashi.